SHIMFIƊAR FUSKA TA FI TA TABARMA: NASIHA GA ƳAN KASUWA DA MASU HIDIMAR JAMA'A

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam Ya kyautata surarsa, Ya sanya fuskarsa ta zama mai ba da labarin zuciyarsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, muna yi wa kanmu da ku wasiyya da tsoron Allah a ɓoye da bayyane. Nasiharmu a wannan fitowa ta shafi wani abu da mutane da yawa suke ganin ƙarami ne, alhali kuwa yana da nauyi a mizani, wato irin fuskar da mai shago da dillali da ɗan kamasho da ma'aikacin gidan likita da malamin ofis suke tarbar wanda ya zo gabansu da buƙata. Mun daɗe muna wa'azi a kan tauye mudu da riba da algus, kuma ya dace a yi. Amma akwai wani tauyewar da sikeli ba ya nunawa: a ba mutum kayansa cif, a tauye masa mutunci.

DARASI DAGA ALƘUR'ANI

Duk wanda ya yi karatun allo ya haddace Suratu Abasa, sura ta 80, tun yana yaro. Malaman tafsiri sun bayyana cewa ta sauka ne a Makka a kan Abdullahi ɗan Ummi Maktum (R.A.), wani sahabi makaho, wanda ya zo yana neman a karantar da shi a daidai lokacin da Manzon Allah (S.A.W.) yake ganawa da manyan Ƙuraishawa, yana kwaɗayin musuluntarsu. Fuskarsa mai albarka ta ɗan canza, ya juya ga manyan, sai Allah Ya saukar da ayoyi Yana tunatar da shi.

Ku lura da kyau, ƴan'uwa. Wanda aka ɗaure wa fuskar makaho ne, bai ga abin da ya faru ba, kuma niyyar Annabi (S.A.W.) alheri ce tsantsa. Duk da haka Allah bai bar al'amarin ya wuce ba, har ya zama abin karantawa a salla zuwa tashin ƙiyama. To ina ga wanda yake ɗaure fuska ga mai ido, da gangan, don kawai rigarsa ta tsufa ko don cinikinsa bai wuce dala ashirin ba? Bayan wannan, Annabi (S.A.W.) ya ci gaba da girmama Ɗan Ummi Maktum, ya zama ladaninsa tare da Bilalu (R.A.), ya kuma sha wakilta shi a Madina idan zai yi tafiya.

A cikin Suratu Ali Imrana, aya ta 159, wadda ta sauka bayan yaƙin Uhudu, Allah Ya sanar da Manzonsa cewa tausasawar da yake yi wa sahabbai rahama ce daga gare Shi, kuma da ya kasance mai kaushin hali da mutane sun watse sun bar shi. Idan har wanda yake ɗauke da wahayi kaushi zai iya kore masa jama'a, me zai riƙe wa mai sayar da sukari da shayi nasa mutanen? A Suratu Ɗaha kuma an umurci Annabi Musa da Annabi Haruna (A.S.) su yi wa Fir'auna magana mai laushi. Babu mai saye ko majinyacin da ya kai Fir'auna laifi, babu kuma ma'aikacin da ya kai Annabi Musa daraja.

KASUWARMU TA LAHADI

Allah Ya yi wa Baleyara ni'ima da ba kowane gari ya samu ba. Tana zaune cikin Dallol Boso, a kan hanyar da ta taso daga Yamai, kimanin kilomita 100, ta nufi Filinge da ƙasar Kurfai. Kasuwarta ta ranar Lahadi tana daga cikin manyan kasuwannin dabbobi na yammacin Nijar. Bazabarme da Buzu da Bafillace da Bakurfaye duk nan suke haɗuwa, wani da raƙumi, wani da shanu, wani da gero, wani da dankalin Bonkuku. A shekarar 2011 garin ya zama cibiyar gunduma mai cin gashin kanta bayan an raba ta da Filinge, ofisoshi suka ƙaru, masu zuwa neman takardu su ma suka ƙaru.

A irin wannan gari, sau da yawa mai saye da mai sayarwa ba su jin harshen juna sosai. Makiyayin da ya kwana biyu a hanya da bisashensa, bai iya Hausa ko Zabarmanci ba sai kaɗan, abin da yake fara karantawa shi ne fuskar dillali. Daga nan yake gane ko ya faɗo hannun amintacce ko na wanda ya raina shi. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma wannan harshe ne da kowace ƙabila take ji ba tare da tafinta ba.

Magabatanmu sun san haka, shi ya sa suka gina ciniki a kan ladabi. Ba a taya kaya sai an yi sallama an tambayi gida da gajiyar hanya. Idan tayi bai yi wa mai kaya ba, ba ya zagi, sai ya ce albarka, wato ya ƙi sayarwa amma da addu'a ya ƙi. Idan an daidaita ya ce ya sallama, ya ƙara gyara a kan mudu. Wanda ya taya bai saya ba ya ce Allah Ya kawo kasuwa, a amsa masa da amin. Wannan tarbiyya ta yi daidai da hadisin da Bukhari ya ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi (R.A.), inda Annabi (S.A.W.) ya roƙa wa mutum rahamar Allah saboda sauƙin halinsa a wurare uku: lokacin sayarwa, da lokacin saye, da lokacin neman biyan bashi.

Yau kuwa sai ka tarar da yaron shago ya sunkuyar da kai a kan waya, dattijo sa'an kakansa ya yi sallama sau biyu bai ɗago ba. Mun karanta a Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantarwa a zaurukanmu, cewa fara sallama sunna ce, mayar da ita kuwa wajibi ne. Ashe wannan yaro kafin ya yi hasarar ciniki ya riga ya bar wajibi.

ABIN DA MASU BINCIKE SUKA GANO

Hikima kayan mumini ce da ta ɓace masa, don haka babu laifi mu duba abin da masana na wasu ƙasashe suka gano a kan wannan al'amari. A shekarar 2001 wani malamin jami'a a Amurka mai suna Douglas Pugh ya wallafa binciken da ya yi a kan masu karɓa da biyan kuɗi a banki. Ya gano cewa fara'ar ma'aikaci tana naso zuwa zuciyar wanda ya zo, kuma tana shafar yadda mutumin yake auna kyawun aikin da aka yi masa. Kuɗin da aka ƙirga masa ɗaya ne, amma hukuncin da zai yanke wa wurin ya danganta da fuskar da ya gani.

Kafin wannan, a shekarar 1988, wasu masana biyu, Robert Sutton da Anat Rafaeli, sun bi shaguna 576 suna lura da masu sayarwa. Sun zaci za su tarar shagon da aka fi murmushi shi ya fi ciniki, sai suka tarar da akasin haka. Da suka sake dubawa suka gane dalili: shagon da ya cika da jama'a, layi ya yi tsawo, masu sayarwa ba su da sukunin gaisuwa, shagon da babu cunkoso kuwa a nan ake samun fara'a. Darasi biyu muke ɗauka daga nan. Na farko, cunkoso da gajiya su ne manyan maƙiyan sakin fuska, don haka ranar Lahadi da azahar, lokacin da rana ta take, ƙura ta tashi, mutum goma suna kiran mai shago a lokaci guda, a nan ake gane mai haƙuri. Na biyu, ba mu yi wa kowa alkawarin cewa murmushi zai ninka masa ciniki a mako guda ba. Arziki na Allah ne. Wanda yake fara'a don riba kaɗai zai daina ranar da ribar ta ƙi zuwa, wanda yake yi don Allah kuwa ladarsa tana nan ko an saya ko ba a saya ba. Tirmizi ya ruwaito daga Abu Zarri (R.A.) cewa Annabi (S.A.W.) ya lissafa murmushi a fuskar ɗan'uwa cikin sadaka, Muslim kuma ya ruwaito daga gare shi hani ga raina kowane aikin alheri, ko da tarbar ɗan'uwa ne da sakakkiyar fuska.

INDA MAI BUƘATA BA SHI DA ZAƁI

A kasuwa, wanda aka wulaƙanta yana iya matsawa rumfa ta gaba. Amma akwai wuraren da ba shi da wata rumfar: gidan likita, da ɗakin haifuwa, da ofishin takardun haifuwa da katin ɗan ƙasa, da wurin rabon taimako. A nan amanar ta fi nauyi, domin wanda ya zo a raunane ya zo.

A shekarar 2003 wasu masana biyu, Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan, wanda yake cikin waɗanda suka kafa cibiyar bincike ta LASDEL a Yamai, sun fitar da sakamakon binciken da aka yi a gidajen likita na manyan birane biyar na Afirka ta Yamma: Abijan, Bamako, Konakiri, Dakar da Yamai. Daga cikin abin da suka bayyana akwai cewa majinyacin da ba shi da sanayya sau da yawa ba a gaishe shi, ba a yi masa bayanin ciwonsa, wani lokaci har a daka masa tsawa, alhali wanda ya zo ta hannun wani ana tarbarsa da girmamawa. A shekarar 2014 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sanarwa ta musamman tana kira da a kawo ƙarshen wulaƙanci da cin zarafin mata a ɗakunan haifuwa, ta nuna cewa irin wannan hali yana hana mata komawa neman taimako.

Ku yi tunani, ƴan'uwa. A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke wa iyaye kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5, domin kada talauci ya hana uwa kai ɗanta gidan likita. Amma idan uwar ta taso daga ƙauye a kan amalanke, aka harare ta, aka kunyata ta a gaban mata ƴan'uwanta don ta makara ko don ta ɓatar da kati, wata rana zazzaɓi zai kama yaron ta ce bari a jira zuwa gobe. Zazzaɓin cizon sauro kuwa a damina ba ya jiran gobe. An buɗe mata ƙofa da doka, an rufe ta da fuska. Wanda ya yi wannan harara bai san inda ta ƙare ba, amma Allah Ya sani.

Muslim ya ruwaito daga Uwar Muminai A'ishatu (R.A.) cewa Annabi (S.A.W.) ya roƙi Allah Ya tsananta wa duk wanda aka ɗora wa wani al'amari na al'ummarsa ya tsananta musu, Ya kuma tausasa wa wanda ya tausasa musu. Wannan addu'a ba ta tsaya ga sarakuna da gwamnoni ba, duk wanda yake riƙe da hatimi ko allura ko maɓallin ma'aji ya shiga cikinta. Tun shekarar 2017 da aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu sassan jihar Tilaberi, irin su Abala da Banibangu, mutane da yawa sun bar gidajensu da gonakinsu saboda rashin tsaro. Wanda jiya yake ciyar da baƙi, yau yana tsaye a layi yana jiran a rubuta sunansa. Suratul Baƙara, aya ta 263, ta koya mana cewa kyakkyawar magana ta fi sadakar da cutarwa take biyo bayanta.

FARA'AR GASKIYA DA TA YAUDARA

Kada wani ya fahimci cewa muna kira ne zuwa ga daɗin baki. Akwai dillalin da zai rungume makiyayi, ya kira shi ɗan'uwa, ya saya masa shayi, sa'an nan ya ɓoye masa farashin da aka sayar da sansa, ya ci la'ada ya ci ƙari. Akwai mai hatsin da yake dariya yana rantsuwa alhali ƙasan buhun tsakuwa ce. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya cusa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhumi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma barranta daga mai ha'inci. Murmushin da aka rufe algus da shi zunubi ne a kan zunubi.

Malamai sun rarrabe tsakanin mudara da mudahana. Mudara ita ce ka tausasa wa mutum, ko da mai wuyar hali ne, domin a zauna lafiya kuma gaskiya ta isa gare shi, wannan abin yabo ne. Mudahana kuwa ita ce ka sayar da addininka don ka faranta masa, wannan haramun ce. Ma'aikacin da ya ce wa mai neman takarda, cikin ladabi, doka ba ta yarda ba, ga hanyar da za ka bi, ya yi mudara. Wanda ya yi masa fara'a don yana jiran na goro ya faɗa cikin rashawa. Haka nan ƴan'uwanmu mata masu sana'a da masu aiki, abin da ake nema gare su shi ne magana ta mutunci da kamun kai, wadda babu kaushi a cikinta kuma babu rangwaɗa.

Wata malama ƴar Amurka, Arlie Hochschild, ta yi bincike a kan masu hidima cikin jiragen sama ta wallafa shi a shekarar 1983. Ta nuna cewa tilasta wa fuska abin da babu shi a zuciya aiki ne mai gajiyarwa, yana iya kai mutum ga jin kamar ba shi ba ne. Ta bambanta mai shafa murmushi a leɓe kawai da mai ƙoƙarin gyara abin da yake ji a ciki. Mu a wurinmu maganin wannan sananne ne, shi ne niyya da ikhlasi. Idan ma'aikaci ya ɗauki wanda yake gabansa a matsayin ƙofar lada da Allah Ya turo masa, fuska za ta bi zuciya ba tare da wahala ba.

MA'AIKACI SHI MA YANA DA HAƘƘI

Adalci ya wajabta mu juya ga iyayen gida da shugabannin ma'aikatu. Yaron shagon da ya buɗe tun bayan asuba, bai karya ba, ba a biya shi haƙƙin wata biyu ba, ana zaginsa gaban mutane, daga ina zai samo fara'ar da zai ba wani? Ma'aikaciyar jinya guda ɗaya da ta kwana tana karɓar haifuwa, gari ya waye mutum hamsin suna jiranta, ga ƙarancin magani, ita ma baiwar Allah ce mai gajiya. Bukhari ya ruwaito daga Abu Zarri (R.A.) umurnin kada a ɗora wa masu hidima abin da ya fi ƙarfinsu, in kuwa an ɗora a taimaka musu. Anas ɗan Malik (R.A.) ya yi wa Annabi (S.A.W.) hidima shekara 10, ya ba da shaida cewa bai taɓa jin kalmar ƙosawa daga bakinsa ba.

Mu masu saye da masu zuwa ofis mu ma da namu. Wani yana shigowa da faɗa tun daga ƙofa, wani yana tsallake layi don yana jin shi wani ne, wani yana sa a sauke masa kaya goma yana sane ba zai saya ba. Hadisin Jabir da muka ambata ya haɗa mai saye da mai sayarwa a addu'a ɗaya. Ka yi sallama, ka jira layinka, ka ce sannu da aiki, ka yi godiya. Kalma ɗaya mai daɗi tana iya gyara wa ma'aikaci yininsa, waɗanda suka zo bayanka su ci albarkacinka.

ABIN DA ZA MU RIƘE

Na ɗaya, sabunta niyya kafin buɗe shago ko ofis. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba da labari a cikin Infaƙul Maisuri cewa mahaifinsa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yakan ɗan tsaya kafin ya fito wurin jama'a domin ya sabunta niyyarsa, sa'an nan ya tarbe su da sakin fuska da haƙuri.

Na biyu, mayar da sallama da ɗaga kai a dubi mutum. Idan hannu yana cikin aiki, a ce masa ya ɗan yi haƙuri ana zuwa. Jira da bayani ya fi sauƙi a kan jira da shiru.

Na uku, daidaita fuska tsakanin mai jika ɗari da mai dala biyar, da tsakanin ɗan gari da baƙo, da tsakanin wanda muke jin harshensa da wanda ba mu ji.

Na huɗu, idan fushi ya taso a bi maganin da sunna ta koyar: neman tsari daga Shaiɗan, da yin shiru, da zama in ana tsaye, da alwala in an samu hali. Magana zarar bunu ce. Bukhari ya ruwaito cewa wani ya zo yana bin Annabi (S.A.W.) bashin raƙumi, ya kausasa harshe har sahabbai suka yunƙura, sai ya hana su, ya nuna musu cewa mai haƙƙi yana da bakin magana, ya kuma sa aka biya shi da raƙumin da ya fi nasa. Wanda ya dawo da kaya yana ƙorafi, a saurare shi tukuna.

Na biyar, in abin da aka zo nema babu, a faɗa da kyakkyawan lafazi, a nuna wa mutum inda zai samu, ko da rumfar maƙwabci ce. Abin da Allah Ya rubuta maka ba ya wuce ka.

Muna roƙon Allah Ya kyautata halayenmu kamar yadda Ya kyautata halittarmu. Ya sanya albarka a kasuwanninmu da gonakinmu da dabbobinmu. Ya ba ma'aikatanmu haƙuri da tsoronSa, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu cikin aminci. Ya zaunar da Baleyara da Filinge da ƙasar Kurfai da Nijar baki ɗaya lafiya. Ya haskaka fuskokinmu a ranar da wasu fuskoki za su yi haske wasu su yi duhu. Allah Ya yi daɗin tsira ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.